Mun Binne Iya Ba Mu San Sunanta Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Iya kuwa ta riga mu tafiya. Ta rasu da hantsi, lokacin cirar tumatir, a shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi. Ta ɗora mini ruwan wankan jego, ta zuba ganyen darbejiya, ta jingina da rumbu tana jiran ya tafasa. Ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, ita ba ta tashi ba. Ni ina ɗakin Inna, mahaifiyata, da jaririyata ta fari a cinya, wadda Iya ta yanke wa cibi shekaranjiyan ranar.

Kafin azahar gidanmu ya cika. Mata suka yi ta shigowa daga cikin Bunkure, daga Kadawa, daga Garun Malam, har da matan rugage da ƙorensu a ka. Wata ta faɗi a tsakar gida tana cewa duk 'ya'yanta a hannun tsohuwar nan suka faɗo. Wata ta ce, "Yau wa zai tsaya mana a kan gwiwa?" Wasu suna cewa Allah ya jiƙan Iya, wasu Allah ya jiƙan ungozoma, tsofaffi biyu uku kuma suna cewa Allah ya jiƙan matar marigayi. Ina jin su duka ta bakin ƙofa, ban lura da komai ba.

Sai da maza suka dawo daga maƙabarta. Baba bai zauna a zaure wurin karɓar gaisuwa ba, ya wuce ciki, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe da rana ba.

Inna ta ce, "Malam, lafiya? Mutane na jiranka a waje."

Ya ce, "Liman ne. Da aka gama rufewa ya tsuguna a wajen kai zai yi mata talƙini, sai ya waiwayo ya ce mini, wance 'yar wance? Na ce Iya. Ya ce, Malam, Iya ai ba suna ba ne. Na buɗe baki, wallahi ba abin da ya fito. Na dubi na dama, ya sunkuyar da kai. Na dubi na hagu, yana kallon ƙasa. Mutum ya fi ɗari a wurin nan."

Inna ta ce, "To, yaya aka yi?"

"Ya ce mata, ya ke baiwar Allah, 'yar Hauwa'u. Abin da ake ce wa wanda aka tsinci gawarsa a hanya."

Inna ta riƙe baki ta ce, "Kai ma ba ka sani ba? Matar da ta goya ka?"

Baba ya ɗago ya ce, "Ke da kuka yi shekara talatin kuna daka a turmi ɗaya, kin sani?"

Inna ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba, ni malamar makaranta, mai kiran sunan yara arba'in kowace safiya ba tare da na duba takarda ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin nan, mu uku da mun shige.

Kuma abin bai tsaya a kabari ba. Tun ina da ciki wata bakwai Iya ta shafa cikina ta ce, "Mace ce. Ko za a yi wa tsohuwa takwara?" Ta faɗa da dariya, irin yadda take faɗar duk abin da take so ƙwarai. Na ce insha Allahu. Na gaya wa maigidana, ya ce mahaifiyarsa ta riga ta samu takwarori har sun ishe ta, wannan ta Iya ce. Ga yarinya ta zo, ga ranar suna tana matsowa, ga alkawari, sunan ne babu.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba zai ce ƙarya ce, ta yaya mutum zai tsufa a gida ba a san sunansa ba? Ga yadda aka yi. Iya matar wan Baba ce. An kawo ta daga wani ƙauye na bakin kogi tun Baba yana ɗan yaye, mahaifiyarsa kuma ba ta daɗe da rasuwa ba, sai amarya ta ɗauke shi ta goya. Har ta mutu tana tsokanarsa, "Ni kaɗai ce macen da ta goyi mijinta." Mutanen gida suka kira ta Amarya, sunan ya bi ta har ta yi furfura. Mijinta, kamar kowane dattijo mai kunya, bai taɓa kama sunan matarsa ta fari ba, sai dai ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Ina masu gidan?" Mace takan samu sabon suna daga ɗanta, a ce uwar wane. Iya ta haifi shida, babu wanda ya daɗe har sunan ya kama ta. Mu da muka taso muka ji Baba yana cewa Iya, muka ce Iya. Wane yaro ne zai dubi tsohuwa ya ce yaya sunanki? Da ka sha mari daga hannu uku.

Akwai wani suna da ake kiranta da shi a bayan ido: wabi, macen da 'ya'yanta ba sa zama. Sau ɗaya na ji an faɗa mata a gabanta. Iya tana shanya kauɗa a bayan gida, ta yanka tumatir kwando biyu ta baje a kan kara, akuyar maƙwabciyarmu ta shiga ta yi ɓarna. Iya ba ta da haƙuri a kan kauɗarta, ta bi akuyar da muciya har cikin gidansu, ta ce abin da ta ce. Maƙwabciya ta fito tana ɗaura zane ta ce, "Ai dole ki fi son tumatir da mutane, wabi kawai!" Iya ta tsaya cak. Ta dubi matar ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba. Amma ba sunana ba ne." Ta juyo gida, ranar ba ta ci tuwo ba. Wata huɗu ba su gaisa ba. Da naƙuda ta kama maƙwabciyar, abin ya zo da gardama, ba wanda ya aika wa Iya, don kunya. Ita ta ji nishi ta katanga, ta ɗauki rezarta ta shiga. Ta fito da la'asar tana wanke hannu tana cewa, "Namiji ne, kansa kamar na ubansa, shi ya sa." Matar nan ce ta faɗi a tsakar gidanmu ranar rasuwa.

Iya ba waliyyiya ba ce, kada a ce na yi mata ado. Tana da baki, tana da son goro har ta ɓoye shi a ƙasan tukunya, kuma in ta ce kunun kanwa bai yi ba, ko mai jego tana kuka sai an sake. Da aka kawo ruwan madatsar Tiga aka yanka gonaki da kanal, wato magudanan ruwa, ita ce ta fi kowa zagin aikin, ta ce ruwan da ya cinye garin ubanta ba za ta wanke ƙafa da shi ba. Shekara biyu bayan nan ita ce ta fi kowa sammakon zuwa kalar alkama. In an tuna mata sai ta ce, "Da ruwan nake faɗa, ba da alkamar ba."

A daren farko na zaman makoki kowa yana ta lalube a ƙwaƙwalwarsa, ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne Baturiya.

Shekaru kaɗan kafin nan, ina koyarwa a firamare ban yi aure ba, akwai Turawa a Kadawa masu aikin ƙofofin ruwa. Matar ɗaya daga cikinsu zaman gida ya ishe ta, ta ce tana son ta shiga gidajen mutane ta ga mata. Da yake ina jin Turanci, aka haɗa ta da ni, na kawo ta gidanmu. Doguwa ce, gashinta kamar gemun masara. Ta ce ita ba 'yar Ingila ba ce, Turanci koyarwa take yi a ƙasarsu, wani tsibiri mai sanyi da ake kira Aislan, inda in hunturu ya yi rana da ƙyar take leƙowa. Da na fassara, Iya ta ce, "To a ina suke shanya?" Tun daga nan suka shaƙu. Ta faɗa mana sunanta ya fi a ƙirga, mu dai Baturiya muke cewa. Iya kaɗai ta dage sai ta iya, tana murɗa harshe muna dariya.

Matar nan tana da son kalmomi kamar yadda Iya ke son goro. Wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ta ce mu faɗa mata duk sunayen da ake kiran mace da su a Hausa, ita kuma ta ba mu na Turanci da na harshensu. Mata suka ɗauka wasa ne, aka yi ta jefowa: yarinya, budurwa, amarya, uwargida, mai ciki, mai jego, bazawara, mai takaba, gwaggo, inna, kaka, suruka. Tana maimaitawa, muna gyara mata. Ta ce a Turanci macen da ta tsufa ba ta yi aure ba, asalin kalmar da ake kiranta da ita mai kaɗi take nufi. Iya ta ɗauko mazarinta da ke gefe ta ɗaga ta ce, "Ashe duk gidan nan ba mai aure." Baturiya ta ce kuma Turawan Ingila in mace ba ta yi aure ba Mis ce, in ta yi ta zama Misis, a ajiye sunan gidansu a liƙa mata na mijin.

Iya ta ce, "Ya ci tuwonki, ya ci sunanki? Wannan miji da haɗama yake."

Baturiya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su a ƙasarsu ba haka ba ne. Mace da sunanta ake kiranta, a ƙara da 'yar wane, kuma ko aure nawa ta yi haka za ta mutu, wance 'yar wane. Yaro ma da sunanta yake kiran malamarsa. Mata suka ce a'uzubillahi, wannan wace irin ƙasa ce ba kunya. Iya ta ce, "Mu ma muna da wance 'yar wane. Sau uku ake fito da shi: ranar suna, ranar ɗaurin aure, da ranar da aka kai ki kabari. Sauran kwanakin yana ajiye." Na fassara wannan magana da bakina, na yi dariya tare da kowa.

Ana cikin lissafi sai wata yarinya mai rawar kai ta ce, "Akwai juya, akwai wa..." Ta haɗiye sauran. Mata suka tsai da ɓarar gyaɗa. Baturiya ta dube ni, na yi kamar ban ji ba. Iya ta ce, "Faɗa mata mana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wabi. Ki ce mata ga ta nan zaune tana ɓarar gyaɗa." Na faɗa, murya ƙasa ƙasa. Matar ta ce ita dai ba ta san wata kalma guda da suke da ita ta wannan ba, ko a Turanci ko a nasu.

Iya ta ce, "'Ya'yansu ba sa mutuwa ne?"

Ta ce suna mutuwa.

Iya ta ce, "To sun fi mu kara."

Don a sauya magana na ce ai Iya ungozoma ce, rabin yaran unguwar nan ita ta karɓe su. Fuskar Baturiya ta washe. Ta ce kalmar Turanci ta ungozoma tana nufin wadda ke tare da mace. Amma tasu, ta ce, ita ce kalmar da mutanen ƙasarsu suka fi so. Ta faɗe ta a hankali, liyosmodir, ta raba ta biyu da hannu: rabin farko haske, na biyu uwa. Uwar haske.

Iya ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Uwa ta ce?"

Na ce, "Uwa."

"Ko wadda ba ta da ɗa?"

Na tambaya. Baturiya ta ce ko wadda ba ta da ɗa, aikin ne ke ba ta sunan. Iya ta ce a sake faɗa mata. Aka sake. Sai ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba a hura wuta ba tukuna.

Da ta dawo ne Baturiya ta dafa gwiwarta ta ce, ta ji Iya, ta ji ungozoma, ta ji matar wane, to ita sunanta fa? Mata suka kwashe da dariya, Inna har tana rufe fuska da gefen zane. Na ce wa baƙuwar a wurinmu ba a tambayar babba haka. Ta ba da haƙuri. Iya ta yi murmushi kawai ta ce, "Tambayi waɗannan, su suke kira."

Ranar da matar ta zo sallama, za su koma ƙasarsu, Iya ta cika mata ƙwarya da kauɗa, ta ce ta kai inda ba rana. Muka raka ta har gadar kanal inda mota ke jira. Ni ina baya da ƙwarya a ka, su suna gaba. A kan gada Iya ta tsaya, ta ja hannun matar, ta nuna ƙirjinta da yatsa ta faɗi wani abu. Baturiya ta maimaita. Iya ta girgiza kai ta sake faɗa. Ta sake maimaitawa, sai Iya ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya kamar budurwa. An buɗe ƙofar ruwa a ranar, ƙararsa ta hana ni jin komai. A hanyar dawowa na ce, "Iya, me kika ce mata?" Ta ce, "Abin da ta tambaya." Muka ci gaba da zancen tsadar goro.

Da na ba su wannan labari a wurin makoki, Baba ya ce mai nema yana tare da samu. Da safe maigidana ya hau keke ya tafi Kadawa, gidajen ma'aikata. Ya samu maigadin da ya yi zamani da Turawan. Maigadi ya ce ya tuna doguwar nan sarai, takan ba shi shayi, sun tafi da daɗewa, ba wanda ya san inda suke. Sunanta fa? Ya ce, "Madam." Ni ma da aka juyo kaina, abin da na iya tunawa shi ne ƙarshen sunan, wurin da ke nufin 'yar wane. Wanen ya ɓace mini.

Baba ya shiga mota ya tafi wajen da aka zaunar da mutanen ƙauyen su Iya bayan ruwa ya ci garin. Ya tarar an watse, wasu sun yi kudu, wasu suna Kano. Aka kai shi wurin wani tsoho makaho, ya ce ya tuna an kai wata yarinya Bunkure daga gidan masu saƙar taru, kamar Tani ake ce mata, ko kuwa Tanin yayarta ce. Ko da ita ce, Tani sunan rana ne, ba na yanka ba. Limamin da ya ɗaura auren ya daɗe a ƙasa, waliyyai haka. Muka sa rai ga ƙawar Iya, wata tsohuwar Bafulatana da suka ƙulla ƙawance tun suna amare. Ta zo da sanda, ta yi kuka, muka bari ta huce, Inna ta tambaye ta. Ta dube mu da mamaki ta ce, "Ƙawa nake ce mata, ƙawa take ce mini. Ku da kuke gida ɗaya fa?" Wannan tambaya ta fi ta liman zafi. Duk yawon nan ihu ne bayan hari, kuma mun sani.

Ranar suna ta zo. An ɗaure rago, an raba goro, liman ya zauna a ƙofar gida. Maigidana ya aiko a tambaye ni, ko a sa na mahaifiyarsa kawai a huta. Na ce a'a. Na ce da sunan da aka kira uwar Iya a bakin kabari, da shi za a kira 'yata, shi kaɗai ne abin da muke da shi nata. Aka raɗa Hauwa'u. Maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa, mata suka yi guɗa, guɗar ba ta da ƙarfi.

Da yake an ce takwarar babba ce, kuma 'yar fari, nan take aka sakaya sunan. Kowa a gidan Mai-sunan-Iya yake ce mata. Ni ce na ƙi. Nakan tsaya a tsakar gida in ƙwala, "Hauwa'u!" Inna ta ce boko ya cire mini kunya, wace uwa ce ke kama sunan ɗan fari. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai a kan wannan. Na ce, "Inna, mun yi kunyar ai, mun ga inda ta kai mu." Ta juya ta shige ɗaki. Bayan kwana biyu, muna tankaɗe, ba tare da ta dube ni ba ta faɗa mini sunanta na yanka, da na mahaifiyarta, da na kakarta, ta ce in riƙe.

Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta yadda ta riƙa fito da 'ya'yan mutane zuwa haske. Shi ya san sunanta, bai taɓa mantawa ba. A bayan ƙasa kuwa, in akwai mai riƙe da shi, wata mata ce a tsibirin da ba a shanya, in tana raye, in ba ta manta ba.

Yarinyar ta shiga shekara ta biyar yanzu. Jiya mun zo wuni gidan su Inna, tana zaune a gindin rumbun nan tana wasa da tsohon mazarin Iya, Baba ya shigo ya ce, "Mai-sunan-Iya, kawo mini buta." Ta kai masa, ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Baba, ashe Iya ma Hauwa'u ce sunanta?"

Baba ya dube ni, na dubi Inna. Ya karɓi butar ya fita, bai yi alwalar a cikin gida ba.